Filin Rayfield: An Sauya Masu Gida, Ba A Buɗe Ƙofa Ba

A shekarar 1913 Turawan haƙar kuza suka kafa filin ƙwallon lambu na Rayfield a Jos, wanda ake ƙirgawa cikin mafi daɗewa a Nijeriya. Ƙasar Birom ce aka shata domin baƙo ya sha iska bayan la'asar, alhali leburorin da guminsu ya samar da dukiyar suna cikin ramukan ma'adinai. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin ɗiban gwamna, an kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa domin aikin tilas, sanyi da yunwa suka hallaka da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan ƙasa kuwa, in ya taka filin, jakar sanduna ce a kafaɗarsa.

Aka sami 'yancin kai a 1960, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Turawa suka watse, suka bar wa Filato kududdufan da ke cin rayukan mutane da dabbobi. Filin ya koma hannun manyan ma'aikata da hafsoshi da attajirai, unguwar kuma ta cika da manyan gidaje masu dogayen katangu. Shingen da launin fata ya kafa jiya, kuɗin rajista da tsadar sanduna ke riƙe da shi yau. Ni ban yarda a kira wannan ci gaba ba.

Duk da haka, ina adawa da masu cewa irin wannan fili almubazzaranci ne, gara a yanka shi fuloti-fuloti. Wa zai sayi fulotin? Ba marar gida ba ne, mai gida goma ne zai ƙara na sha ɗaya. Filin Idi na Kano ya ishe mu aya: aka cika shi da shaguna, a 2023 aka rushe, 'yan kasuwa suka tafka asara. Fili in ya zama siminti, da wuya ya sake tsiro da ciyawa, kuma birnin da ba shi da sarari ruwan sama kan rasa inda zai nutse sai ɗakunan talakawa.

Abin da nake nema shi ne a bar filin, a buɗe ƙofarsa. A ware ranaku ga 'yan makarantun gwamnati, a ba su aron sanduna. A koya wa yaran da ke ɗaukar jaka wasan sosai, domin sun fi iyayen gidansu sanin kowane tudu da kwari na wurin. A kuma kafa allo mai ba da tarihin leburorin kuza. Kakanninsu sun riga sun biya kuɗin shiga tun tuni, saura a bar jikoki su buga.