Muna Shan Na Wasu, Namu Yana Yaushi

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar butar shayi ce, wadda kowaccenmu ke ɗorawa a wuta tun kafin maigida ya dawo daga masallaci.

Mu nan Darna Sabon Gari mun san koren ganyen nan mai ɗaci na Buzaye daga ƙasar Sin yake, kuma da yawa ta Ƙwanni yake shigo mana. Da aka rufe boda a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Kowane karo kuɗin cefanenmu ne ya ji jiki. Wallahi ni da kaina sai da na koma shanya ganyen da na dafa don in maimaita shi gobe.

To abin takaicin shi ne, a ƙasar nan tamu ana noman shayi. A kan tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda sanyi da ruwan sama suka wadata, tun shekarun 1970 aka kafa gona a Kakara, ga kuma masana'anta, can ake yin Highland Tea. A kewayenta akwai ƙananan manoma masu kai ganyensu. Amma ke mai karatu, tsakaninki da Allah, sau nawa kika gan shi a teburin mai shayin unguwarku?

Ki sani ganyen shayi ba gero ba ne, balle a zuba shi a rumbu a jira ya yi tsada. Toho ake tsinka da ganyen sama guda biyu, in bai isa masana'anta a ranar ba, ya ɗauki zafi ya lalace. Saboda haka hanya ita ce ran manomin shayi. Ga shi kuma wanda masayinsa ɗaya ne, ba shi da bakin cewa albarka.

Na san wani zai ce ai wannan aikin gwamna ne, ciyaman ba shi da ko sisi. Ban yarda ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma hanyoyin cikin yankinta da kasuwanni, ya kuma ba ta hannu a raya noma. Sannan ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ciyaman ɗin da aka tauye wa haƙƙi ya fito ya faɗa mu ji, wanda kuma ya karɓa ya nuna mana aiki. Raba atamfa da buhun taki ana gobe zaɓe ba shi ne tallafi ba. Tallafi shi ne gyaran hanyar gona, da lambun dashe, da malamin gona, da haɗa manoma cikin ƙungiya don su sami murya. A Kenya, ƙananan manoma ne masu hannun jari a masana'antun da ke sarrafa ganyensu, shi ya sa ta yi zarra wajen sayar da baƙin shayi a duniya. Su ba kai biyu gare su ba.

Mu ma mata da namu laifin, komai sai mu ce na waje ya fi. Don Allah gobe in za ki aiki yaro kanti, ki ce ya tambayo shayin Mambila. In babu, jibi ya sake tambaya, ai ɗan kasuwa abin da ake nema yake sarowa. Ran da kansila kuma ya turo matarsa neman ƙuri'a, ki ba ta tabarma, ki zuba mata shayi, sannan ki tambaye ta hanyar da mijinta ya gyara wa manoman albasarmu, don ciwon duk ɗaya ne.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, amin.