Minna: Allurar da ta daina ci, da kuɗin da ake turawa gida

Duk wanda ke neman kuɗi a Agege ko Sabo Ibadan ya san irin wayar nan: an kwantar da Inna a Babban Asibitin Minna, an yi allura kwana biyar zazzaɓi bai sauka ba, likita ya canza magani, a ƙaro kuɗi. Sai mutum ya fara zargin jabu ne aka ba ta. Jabu na nan, ba musu. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta saba da shi har ta daina jin sa.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa shan kashi.

Abin daga gida yake farawa. Ciwon ciki, Flagyl. Mura, Ampiclox, alhali mura ba ta jin antibiyotik ko kaɗan. Zawo kuwa sai kafso ja da yalo, guda biyu na naira kaza a kemis ɗin Kpakungu ko wajen mai kwando a tasha, kamar dai yadda muke yi a Mile 12. Raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da aka kai mutum asibiti da ciwon mafitsara ko gyambon tiyata, makaman farko duk an riga an ƙone su. Ga masu kiwon kaji kuma suna zuba irin waɗannan magunguna a ruwan sha.

Asibiti ma na da nasa kason. Ƙa'ida ita ce a ɗauki fitsari ko jini a kai ɗakin gwaji, a gano maganin da zai kashe ƙwayar. Sakamakon kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ga kuɗi. Don haka likita kan yi canke ya rubuta ceftriaxone, idan ta ƙi a hau mai tsada. Mu kuma 'yan uwa mun fi son mu ga ledar ƙarin ruwa a rataye da mu biya kuɗin gwaji.

Gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaƙi da matsalar tun 2017 ta hannun NCDC, ta sabunta shi a 2024. Takarda dai ta yi kyau. Abin tambaya ga gwamnatin Neja shi ne ko ɗakunan gwajin Babban Asibiti da na Asibitin Ƙwararru na IBB suna da wuta da kayan aiki kullum, kuma a farashin da talaka zai iya.

Kafin nan, in an kira ka a ƙaro kuɗin allura, ka tambaya ko an yi gwajin gano maganin da ya dace. Kuɗinsa bai kai na mako guda a gado ba.