Na'urar Lissafi Ba Ta San Nufin Mai Ita Ba

A shekarar 1972 ne kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar da HP-35, na'urar lissafin kimiyya ta farko mai shiga aljihu. Shekara uku bayan haka, a 1975, aka kafa Jami'ar Maiduguri. A zamanin nan ɗalibai da littafin jadawalin lissafi suke fama. Yau kuwa da wuya a ga ɗalibin injiniya a jami'ar, ko a Kwalejin Fasaha ta Ramat, wanda ba shi da kalkuleta. Amma fa na'urar abin da yatsa ya latsa take bi, ko daidai ne ko kuskure, kuma maki da yawa kan salwanta ta nan a ɗakin jarrabawa.

Da farko, ya kamata ɗalibi ya san ta sha bamban da ƙaramar kalkuletar 'yan kasuwa. Idan aka latsa 2 + 3 × 4, ta ɗan kasuwa za ta ba da 20, domin tana bin lambobi yadda suka zo. Ta kimiyya kuwa 14 za ta bayar, saboda tana fara ninkawa kafin tarawa. Wanda ke son a fara da tarawa, tilas ya sa 2 + 3 a cikin baka.

Na biyu shi ne awon kusurwa. Tsani mai tsawon mita 10 da aka jingina da bango, ya yi kusurwar digiri 30 da ƙasa, kansa zai kai mita 5 a jikin bangon, domin sin 30 rabi ne. Amma in na'urar tana kan RAD maimakon DEG, amsar da za ta fito ita ce −9.88. Haka kuma, a tsofaffin na'urori lamba ake fara sawa sannan a latsa sin, a yawancin na yanzu kuwa sin ne ke gaba.

Na uku shi ne maɓallin EXP, wanda a wasu na'urori aka rubuta masa ×10ˣ. Wannan maɓalli yana ɗauke da gomarsa. Mai son rubuta miliyan 300 sai ya latsa 3, EXP, 8. In ya ƙara × 10 a tsakani, ya ninka amsarsa sau goma bai sani ba.

Maganin duk wannan abu biyu ne. Kafin ɗalibi ya fara aiki, ya gwada sin 30. In bai ga 0.5 ba, ya gyara saitin. Sannan ya ƙiyasta amsa da ka kafin ya latsa, domin mai hankali ya san tsanin mita 10 ba zai ba da tsawo ƙasa da sifiri ba. Malamai su ma su ware darasi guda don wannan tun farkon zango. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah Ya ba ɗalibai sa'a, amin.