Cocin Katolika a Tawa: Har Yaushe Za a Riƙa Kallonta a Matsayin Baƙuwa?

Kiristan Katolika da ke zaune a Tawa, bishop ɗinsa yana Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 300. Haka abin yake tun 2001, lokacin da Fafaroma John Paul na biyu ya yanke dayosis ɗin Maraɗi daga na Yamai, ya haɗa masa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Diffa. Mafi yawan faɗin ƙasar Nijar ke nan a hannun mutum ɗaya, alhali mabiyan 'yan ƙalilan ne a tsakiyar al'ummar Musulmi.

Bishop na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso ne, ya kuma riƙe kujerar fiye da shekaru 20. Wanda ya gaje shi, Ignatius Anipu, ɗan Ghana ne. Ko Yamai ma sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa, Laurent Lompo, bayan Faransawa uku sun yi jagoranci. Masu zuwa ibada a Tawa su ma galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga Benin, Togo, Burkina da Najeriya.

Baƙunta ba laifi ba ce, amma tana da tsada. A watan Janairun 2015, da zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya fusata jama'a, majami'un Damagaram da Yamai aka cinna wa wuta, kamar reshen Faransa ne. Mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba su suka kwana a ciki.

Don haka babban aikin da ke gaban sabon bishop shi ne tarbiyyar limaman coci 'yan ƙasa, masu jin Hausa da Tamashek, waɗanda za su zauna da hakimi da limamin unguwa tun kafin rikici ya taso. Ziyara daga Maraɗi jefi-jefi ba za ta yi wannan aiki ba, balle a arewacin Adar, inda harin Tillia na Maris 2021 ya ci rayuka 137.

Adarawa su ma akwai nasu kason. Babu wanda ya kai su sanin ci-rani. Matashin da ke neman kuɗi a Abijan, yana salla a masallacin unguwa maƙwabcinsa Kirista bai tsangwame shi ba, ya san abin da maƙerin Togo ko malamar makaranta 'yar Benin ke buƙata a Tawa ranar Lahadi.