Ra'ayinmu: Darasin Charles Rangel ga ƴan kasuwar iyaka

A ranar 26 ga watan Mayun 2025 ne Charles Rangel ya rasu a birnin New York na Amurka yana da shekara 94. Mai yiwuwa ɗan kasuwar Birnin Konni ko Ɗan Isa ya ce, to ni ina ruwana? Ruwa kuwa ya yi tsaki, domin aikin mutumin nan a kan haraji da kuɗin fito ne.

An haife shi a unguwar baƙar fata ta Harlem a 1930. Ya bar makaranta bai gama sakandare ba, ya shiga soja, har aka ji masa rauni a yaƙin Koriya. Da ya dawo sai ya koma karatu, ya zama lauya a 1960, ya yi aikin gabatar da ƙara. A 1970 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai, inda ya shekara 46. Mafi yawan shekarun nan ya yi su a kwamitin da ke tsara haraji da cinikayya, wanda ya shugabanta daga 2007 zuwa 2010.

Da sanin dokar haraji ya yaƙi wariyar launin fata. A 1987 ya kawo gyaran da ya hana kamfanonin Amurka samun rangwame a gida kan harajin da suke biya wa gwamnatin Afirka ta Kudu. Riba ta ragu, kamfanin mai na Mobil ya tattara ya bar ƙasar a 1989. Haka kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kan dokar AGOA ta 2000, wadda ta ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba kuɗin fito.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: ɗanyen mai da masaƙun Kenya da Lesotho suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar AGOA. Mai albasar Galmi da mai fatun Maraɗi ba su gani a ƙasa ba, sannan a Janairun 2024 aka cire Nijar daga tsarin. Ƙofar da wani ya buɗe maka, shi ke riƙe da makullinta.

Shi ma Rangel bai tsira ba. A Disamban 2010 majalisa ta tsawata masa a bainar jama'a, da ƙuri'a 333 kan 79, bisa laifuffukan da suka haɗa da rashin biyan harajin kuɗin hayar wani gidansa a Jamhuriyar Dominika. Tsohon shugaban masu tsara haraji ke nan, amma doka ba ta ƙyale shi ba.

A namu ra'ayin, ƴan kasuwa su gane cewa kuɗin da ake karɓa a duwan wasu ne suka zauna suka rubuta shi. Ƙungiyoyinku su nemi lauya ko masanin da zai karanta muku dokar kuɗi ta kowace shekara da harshenku, ku kai kukanku tun kafin a sa hannu. Duk wanda ya nemi wakiltarku kuma, ku tambaye shi abin da ya sani kan fito, da ko shi kansa yana biyan nasa.

Allah ya sa mu dace.