Kira ga Malamai da Almajirai a kan Rubutun Mu'amala

 Zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Daura, tun daga birni har Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da aka kawo zaurena bayan girbin bara. Wani dattijo ya karɓi kuɗi a hannun ɗan ƙanensa, ya ba shi gona. Da dattijon ya rasu, magada suka zo fansar gonarsu, suna cewa jingina ce, shi kuwa mai riƙe da ita ya ce saye ne. Aka ɗauko takarda, wadda wani saurayi da ya gama kwaleji a wani gari ya rubuta musu da Turanci, rubutu mai kyau ƙwarai. Ni ban shiga makarantar boko ba, saboda haka na sa aka karanta mini, aka fassara. Iyakar abin da ke ciki, wane ya karɓi kuɗi kaza a kan gonarsa. Babu rana, babu shekara, ba a ambaci iyakokin gonar ba, ba a ce saye ba, ba a ce jingina ba. Shaidu biyu ne, an rubuta sunayensu ba sunan ubanninsu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi ci-rani ba a san inda ya ke ba. Sulhu ya gagara, magana ta tafi gaban alƙali, kuma har yau gidajen nan biyu ba su gaisawa, ga su kuwa jikokin mutum guda. Saurayin nan bai yi nufin cuta ba. Ba a koya masa ba ne.

Kada wani ya ce laifin boko ne kaɗai. A cikin makon nan da kansa na ce wa wani gardi nawa, wanda ya yi satu, yana rubuta allo da ka ba gyara, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa ya gaya masa kuɗin da aka aiko sun iso, da abin da aka saya da su. Ya zauna da alƙalami tun azahar har la'asar, bai wuce gaisuwa ba. Kunya ta kama ni, domin ni ne malaminsa. Mu muna koyar da kwafe allo, su suna koyar da kwafe abin da malami ya rubuta a bango, duka biyu yaro yana fita da hannu mai kyau, amma in aka ce ya tsara magana tasa ta kansa wadda za ta zama hujja gobe, sai ya tsaya.

To, wannan ilmi ba baƙo ba ne a cikin addininmu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta aka yi umurni da a rubuta bashi mai ajali, ƙarami ko babba, marubuci ya rubuta da adalci, kada ya ƙi rubutawa, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, kuma a kafa shaidu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, ya kuwa koya. Sayyidina Umaru, a zamanin halifancinsa, an kawo masa takarda mai ambaton Sha'aban ba shekara, aka rasa ko na bana ne ko na bara, wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙidayar Hijira. Malaman Andalus da Magrib sun mai da rubutun hujjoji fanni mai zaman kansa, alƙalanmu kuma sun daɗe suna karanta Tuhfa ta Ibnu Asim domin sanin hukunci da shaida. A ƙasarmu, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya riƙe wasiƙun Sarkin Musulmi Bello zuwa ga sarakuna, kowace da hatiminta. A 1934 aka buɗe makarantar alƙalai a Kano domin horar da ma'aikatan shari'a. Wanda ya ce wannan aikin duniya ne bai kamaci malami ba, sai ya gaya mana wane ne a cikin waɗannan ba malami ba.

Yanzu Allah ya yalwata wa Daura makarantu. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman inda ake karanta shari'a, ga makarantar koyon aikin lafiya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a watan Disamba 2019, a gaban idonmu. Samarin da 'yan matan da ke cikinsu su ne gobe za su zama magatakardan kotu, da malaman asibiti, da masu riƙe littafin sito, da akawun ƙaramar hukuma. Kowannensu zai wuni yana rubutu, kuma haƙƙin talaka yana rataye a bakin alƙalaminsa. Malamin asibiti in ya tashi aiki bai rubuta wa mai karɓarsa maganin da aka ba majiyyaci da lokacinsa ba, ana iya maimaita masa. Magatakarda in ya sauya kalma guda a maganar mai ƙara, ya sauya hukunci.

Saboda haka muna roƙon shugabannin waɗannan makarantu da malamansu, cikin girmamawa, su ba wannan fanni rabo mai yawa, kuma ta hanyar aikatawa. A sa ɗalibi ya rubuta takardar bashi, da ta cinikin gona, da rasit, da wasiƙar neman aiki, da rahoton abin da ya gani da idonsa, da bayanin abin da aka zartar a taro. A ɗauki abin da ya rubuta a ba wani wanda bai halarci maganar ba, in ya gane ba tare da tambaya ba, ta yi, in ya yi tambaya, a sake. Ba mu hana Turanci ba, shi ne harshen ofis, amma mutanen da za a yi wa aiki Hausa su ke ji, to a koya masa ya rubuta da duka biyu, domin kada mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai san ma'anarsa ba.

Ga abin da na ke koya wa almajiraina, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. Na fari, rana da wata da shekara, ta Hijira da ta Miladiyya. Na biyu, sunan kowa da na ubansa da unguwarsa ko ƙauyensa. Na uku, sunan mu'amalar a fili: saye ne, ko jingina, ko aro, ko haya, ko rance. Na huɗu, adadi da lamba, sa'an nan da kalmomi, a kuma faɗi irin kuɗin. Mu mutanen bakin iyaka ne, a kasuwar Mai'adua ana ciniki da naira ana yi da sefa, jaka a bakin tsofaffinmu naira 200 ce, a Nijar kuwa sefa 1000 ce. In hatsi ne a faɗi buhu ko tiya, da tiyar wace kasuwa. Na biyar, in gona ce ko fili, a ambaci maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa. Na shida, ajali. Na bakwai, a karanta da ƙarfi a gaban shaidu kafin kowa ya sa hannu, a kai wa mai unguwa ko dagaci ya sani, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

Na san wani zai ce, tsakanina da ɗan'uwana amana ce, in na ce a rubuta sai ya ga na tuhume shi. Amsa ita ce, takarda ba domin ku biyu ake yin ta ba, domin marayun da za ku bari ne, su ba su halarci amanarku ba. Wani kuma zai ce, ai na aika masa da murya ta waya, tana nan. Waya takan faɗa rijiya, akan sace ta, muryar kuma ba ta da shaidu.

Ya ku malamai abokan aikina, ranar Alhamis ba a karatun allo. Ni na ware hantsinta ga manyan almajirai, muna rubuta wasiƙu da takardun mu'amala da ajami, wanda ya iya boko ya koya wa ɗan'uwansa. Ba ya bukatar kuɗi sai takarda da tawada. Ku kuwa almajirai, kada ku raina shi, domin wanda garinsu suka amince da alƙalaminsa ya sami sana'a, ya kuma sauke wa jama'a farali. Jam'iyyarmu tana roƙon duk malamin da ya gwada wannan a makarantarsa ya rubuto mana abin da ya gani, domin a buga a nan wasu su amfana.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu ranar hisabi, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalam.