Talla A Waya: Amana Ita Ce Jari

Rufe iyakar Ƙonni da Nijeriya a shekarar 2023 ya koya wa ƴan kasuwarmu cewa wayar salula ma rumfa ce. A yau albasar Galmi kan samu mai saye ta WhatsApp da Facebook tun ba a ɗora ta a mota ba.

Dabarun ba su da wuya: gajeren bidiyo cikin hasken rana, bayani da murya, da Hausa, domin ba kowa ke karatu ba, farashi a fili, sefa ko naira, amsa saƙo ba jinkiri.

Sai dai muna jan kunne: wanda ya nuna saman buhu ya ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasa, sunan Galmi baki ɗaya ya zubar. Shugabannin ƴan kasuwa su tsawata tun masu saye ba su juya mana baya ba.